Ruwan famfon Las Vegas ya ishe ni: buta ta yi fari, sabulu ya ƙi kumfa

Maman_Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ku taimaka min. Wata huɗu ke nan da na biyo maigidana Las Vegas, kuma tun ranar da na sauka nake fama da ruwan famfo. Butar lantarkin da muka saya sabuwa fil, cikinta ya yi wani farin ɓawo kamar an shafe ta da farar ƙasa. Kofin gilashi in na wanke ya bushe, sai ka rantse ba a taɓa wanke shi ba, duk ɗigo-ɗigon fari. Sabulun salon da na taho da shi daga Kano ya ƙi kumfa, sai wata dauɗa mai maiƙo da yake bari a jikin bahon wanka. Gashina ya yi tauri, yaro kuma kullum cikin susa. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne wake. Jiya garau-garau na ɗora tun bayan azahar, har la'asar ta yi yana nan kamar tsakuwa. Tambayata biyu ce: ruwan nan ana shansa kuwa, ko cuta muke ɗura wa cikinmu? Sannan gidan haya muke, me zan iya yi?

Ɗan_Fagge: Wa alaikumus salam. Hajiya, kin baro 'yan garuwa kin je Amurka kin tarar da ruwan zartsi? Allah mai iko. Dawo gida, jarkarki tana nan muna ajiye miki.

Anti_Bilki_Landan: Ƙanwata kwantar da hankalinki, ba cuta ba ce. Shekarata 19 a Landan, kuma haka butata take tun zuwana. Ki zuba ruwan khal rabi, ruwa rabi, ki tafasa, ki bar shi ya kwana. Da safe ɓawon zai saki da kansa, ki ɗauraye sau biyu ko uku don kada shayin maigida ya yi tsami. Ni duk ƙarshen wata nake yi.

Injiniya_Sabo: Maman Hanif, sannu da zuwa. Ina Henderson, maƙwabtanku, kuma ruwa ɗaya muke sha. Bari in ɗan tsawaita. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan garin nan daga Tafkin Mead ake jawo shi, wato tafkin da madatsar Hoover ta tara a kan Kogin Kolorado tun shekarun 1930. Asalin ruwan ƙanƙara ce da take narkewa a kan duwatsun Rocky, tas take sauka. To amma kafin ya iso mu sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita yana ratsa duwatsu, da yawansu irin dutsen da ake yin siminti da farar ƙasa da shi, yana lasar su yana tafe. Abin da ya laso, kalsiyam da maganiziyam, shi kike gani a butarki. Ba datti ba ne, dutse ne narkakke. Awon da ake yi a nan yana kaiwa wajen miligiram 280 a kowace lita. A ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka, duk ruwan da ya haura 180 ya shiga aji na ƙarshe, mafi nauyi. In kina son ki gane yawansa, jarka mai lita 25 tana ɗauke da wajen giram 7, kusan nauyin dunƙulen magi biyu. Ki lissafa jarka nawa ke bi ta famfonki a wata.

Ɗan_Fagge: Injiniya, wato dai miyar dutse suke sha, har da magi biyu.

Malam_Bello_Sakkwato: Ɗan Fagge, gyara kaɗan. Wanga ruwa ba zartsi ba ne. Zartsi shi ne wanda in ka kurɓa ka ji gishiri-gishiri ko kanwa-kanwa a harshe. Wanda Hajiya ka magana a kai yana iya yin daɗi a baki, sai wurin wanki ya nuna halinai. Mu nan mun san shi, don wajen Kalambaina inda aka haƙar dutsen siminti akwai rijiyoyin da haka ruwansu yake. Tsohuwata ruwa mai cin sabulu take ce mishi.

Ɗan_Fagge: Malam Bello, mu dai a Kano duk ruwan da ya ƙi kumfa zartsi muke ce masa. Rijiyar gidan kakata ta cikin gari da ita na girma, wanke-wanke kawai ake yi da ita, na sha sai an sayo.

Agali_Agadas: Malam Bello ya fi gaskiya. In kuna son ganin zartsi na ainihi ku zo wajen Ingal, ko Tegidda inda ake fidda gishiri daga ruwa da ƙasa. Can raƙumi ne ke murna da ruwan, ba mutum ba, shi ya sa makiyaya ke kai dabbobi kowace shekara ƙarshen damina. Amma wannan farin ɓawo na buta mu ma muna da shi. Butar shayina ta shekara goma, cikinta fari fat, kuma ban taɓa kankare ta ba. Tsofaffinmu cewa suke butar da ba ta yi ɓawo ba ba ta iya shayi ba tukuna.

Maman_Hanif: Na gode ƙwarai. Injiniya, to amma me ya sa abin ya fi tsanani a nan? Anti Bilki ta ce nasu ma haka yake, amma na je Landan sau ɗaya ban ga famfo ya yi wannan farin gemu ba.

Injiniya_Sabo: Ba hamada ce ke sa ruwa ya yi haka ba, dutsen da ya ratsa ne. Landan ba ta rasa ruwan sama, amma ƙasar yankin alli ce, shi ya sa butar Anti Bilki take fari. Abin da hamada take ƙarawa shi ne saurin bushewa. Garin nan ruwan saman da yake samu a shekara wajen santimita 10 ne kawai, iska a bushe take ƙayau. Ɗigon ruwa kafin ya gangaro daga jikin gilashi ya riga ya ƙafe, ya bar kayansa a wurin. In kun samu lokaci ku je bakin tafkin, za ki ga wani farin zobe mai tsayi da ya zagaye duwatsun, alamar inda ruwa yake kaiwa a da kafin ya ja baya. A 2022 ya yi ƙasan da bai taɓa yi ba tun da aka cika shi. Wannan zoben da na cikin butarki dangi ne.

Hajiya_Kaka: 'Yata, duk wannan turancin na Injiniya maganinsa yana cikin kicin ɗinki in dai kin taho da kayan miya. Waken nan ki jiƙa shi tun dare, in za ki ɗora ki jefa 'yar kanwa kamar ƙwayar gero uku huɗu. Tun muna yara a ƙauye da ruwan rijiya haka ake yi. Wanki ma haka, ki jiƙa kanwa ki tace ki zuba ruwan a bokiti kafin sabulu, ki ga kumfa. Tsamiya kuma ita ce ta tukunya da buta. Ba mu san wani khal ba, da ita muke sa tasoshin tagulla su yi ƙyalli.

Injiniya_Sabo: Hajiya, wallahi kin gama magana, kuma ilimin kimiyya yana bayanki. Kanwa 'yar uwar sodar wanki ce da ake sayarwa a shagunan nan, tana kama kalsiyam ɗin ta kwantar da shi, sai sabulu ya samu sarari. Shi ma waken kalsiyam ne ke riƙe ɓawonsa ya hana shi nuna da wuri, kanwa ta sassauta shi. Tsamiya kuwa tsaminta ne ke narkar da ɓawon, aiki ɗaya da khal da lemon tsami.

Hajiya_Kaka: To ka ji. Ashe mu ma injiniyoyi ne ba a ba mu takarda ba.

UmmuSalma_Phoenix: Maman Hanif, ni shekara shida a Arizona, ciwonmu ɗaya. Abin da na koya da kuɗina: ki ajiye sabulun salo don fuska kawai ko ki haƙura da shi, domin sabulu na gargajiya shi ne yake haɗuwa da ruwan ya zama wannan dauɗar ta baho. Sabulun ruwa da omo ba su cika yin haka ba. Kan shawa ki kwance shi ki jiƙa a khal, in bai kwantu ba ki zuba khal a leda ki ɗaure a kai ya kwana, ƙofofin da suka toshe za su buɗe. Dutsen guga mai tururi kada ki sake ki zuba masa ruwan famfo, nawa na farko haka ya tofa wa farar shaddar maigida wani ƙasa-ƙasa ana gobe sallah. Ki saya masa ruwan galan wanda aka tafasa aka tattara tururinsa, ba shi da tsada. Gilashi kuma ki goge da tsumma nan take, kada ki bar shi ya bushe da kansa. Gashi, bayan kin wanke ki ɗauraye da ruwan da kika ɗiga wa khal cokali ɗaya ko biyu.

Zee_Kaduna: Ni alif nake sa wa ruwanmu in ya zo da laka, minti kaɗan ya kwanta. Ki gwada shi mana.

Malam_Bello_Sakkwato: Alif na ruwa mai gurɓi ne, Zee. Nata ruwa garau yake kamar hawaye, abin da ad damunta narke yake ciki, alif ba ya kama shi.

Gaskiya_Ɗaci: Ku dai ku yi ta kwantar mata da hankali. Abin da ya iya toshe bututun ƙarfe shi ne zai bar ƙodar mutum lafiya? Abokina ya yi shekara uku yana aiki a wani garin hamada, ya dawo da tsakuwar ƙoda, sai da aka yi masa aiki. Hajiya ki sayi ruwan gora ki huta.

Dakta_Hadiza: Malam Gaskiya, Allah ya ƙara wa abokinka lafiya, amma lissafin ba haka yake ba. Jikin mutum ba bututu ba ne. Kalsiyam ɗin da ke cikin lita guda ta ruwan nan bai kai na kofin madara ɗaya ba, kuma ba wanda ya ce a daina shan madara don tsoron tsakuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta sa wa wannan nauyin ruwa wata iyaka ta fuskar lafiya ba. Abin da muka fi gani yana kawo tsakuwar ƙoda a garuruwa masu zafi shi ne ƙarancin shan ruwa: mutum yana zufa tana bushewa bai ma sani ba, fitsari ya yi kauri. Sai yawan gishiri a abinci, sai gado. Tsorona shi ne a tsorata mutum da ruwan famfo ya rage sha, a gudu a faɗa abin da ake gudu. Maman Hanif, ki sha, ki ba yaro. In ɗanɗanon ne bai miki ba, ki sa a firiji ki matsa lemon tsami.

Gaskiya_Ɗaci: Dakta na ji, amma ni dai ba zan sha abin da na ga yana yin siminti a buta ba.

Ɗan_Maraɗi: Dakta, ina da tambaya, don maganar ta taɓo mini wani tabo. Mu a Tibiri ta jihar Maraɗi an yi shekaru yara na shan ruwan wata rijiyar burtsatse, daga baya haƙora suka yi ja, wasu ƙafafunsu suka lanƙwashe. Na san waɗanda abin ya shafa, yanzu manya ne. Shi ma ruwan garau yake, ba wari ba launi. To yaya mutum zai bambance?

Dakta_Hadiza: Ɗan Maraɗi, Allah ya saka musu. Na Tibiri sinadarin fuloraid ne ya yi yawa a ruwan, abu ne daban da wanda muke magana. Shi kaɗan ɗinsa yana kare haƙori, in ya wuce miligiram 1.5 a lita ne ake fara damuwa, in ya yi yawa sosai ya taɓa ƙashin yara masu tasowa. Ba ya barin ɓawo a buta, ba ya hana kumfa, kuma tafasawa ba ta fitar da shi. Da ido ba a bambancewa, sai an kai ruwan ɗakin gwaji. Shi ya sa duk wanda ya haƙa burtsatse a gida nake roƙonsa ya gwada kafin a fara sha. Ita Maman Hanif tata da sauƙi, doka ta wajabta wa masu ba da ruwan gari a Amurka su fitar da rahoton abin da ke cikinsa kowace shekara, tana iya dubawa a intanet.

Sadiq_Kayan_Ruwa: Masu buƙatar na'urar tace ruwa ta zamani mai maganin cututtuka 40 su yi min magana ta akwatin sirri, akwai ragi.

Shugaban_Zaure: Malam Sadiq, ba a talla a nan, wannan gargaɗi na biyu ke nan. A ci gaba.

Maman_Hanif: Dakta na gode, hankalina ya ɗan kwanta. Saura maganar susar yaron. Shekararsa biyu, bayan gwiwa da wuya ne suka fi. Maigida yana cewa mu sayi wannan na'urar mai cin gishiri da ake sa wa gida gaba ɗaya.

Injiniya_Sabo: Ina da ita a gidana, bari in faɗa miki amfaninta da wahalarta. Tulu ne cike da wasu ƙananan ƙwayoyi kamar gero, ruwa ya bi ta cikinsu su riƙe kalsiyam su sake masa sodiyam a madadinsa. In sun ƙoshi sai na'urar ta wanke su da ruwan gishiri, don haka kullum kana cikin sayen buhun gishiri. Tana aiki ƙwarai, tukunyar ɗumama ruwana ta daina wannan ƙugi da take yi kamar ana soya gurguru, wanda taruwar ɓawo a gindinta ke jawowa. Amma sai an yanka bututun gida, mai gidan haya ba lallai ya yarda ba. Kuma da irin nauyin ruwanmu, kowace lita tana fitowa da sodiyam wajen miligiram 130, don haka mai hawan jini da jariri mai shan madarar gwangwani gara a bar musu famfon kicin ba a haɗa shi da ita ba. Shuka ma ba ta son ruwan da ya bi ta na'urar. Wani abu kuma, a garin nan kusan duk ruwan da ya bi ta magudanar cikin gida tace shi ake yi a mayar tafkin, to gishirin da muke zubarwa can yake komawa. Ni kaina abin yana ɗan damuna.

Anti_Bilki_Landan: Kafin ku kashe kuɗi saboda fatar yaro, a nan Ingila an taɓa gwada wannan. An sa wa gidajen yara masu irin wannan ƙaiƙayi na'urar, yara sama da 300 aka yi gwajin da su, sakamakon ya fito a 2011, kuma ba a ga ta fi maganin da aka saba ba. Likitan jikata ne ya faɗa min lokacin da nake shirin saya.

Dakta_Hadiza: Haka ne Anti. Ruwan yana iya ƙara abin, musamman ragowar sabulun da yake bari a fata, amma iskar garin ma babbar mai laifi ce. Ki ɗauka hunturu kike ciki wata goma sha biyu. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, sabulu kaɗan, kina tsane shi ki shafe shi da mai tun jikin da danshi. Tunda kin ce bayan gwiwa da wuya, ki kai shi likitan yara ya gani da idonsa, daga nan ba zan iya cewa ga abin da yake damunsa ba.

Hajiya_Kaka: Man kaɗanya, 'yata. Na gaske, ba mai turare ba. Ke ma ki riƙa shafawa bayan kowace alwala, in ba haka ba faso zai kama ki a ƙasar Turawa a yi mana dariya.

UmmuSalma_Phoenix: Na manta ban faɗa ba, don Allah kada a haɗa khal da Hypo ko wani ruwan bilic wurin wanke banɗaki, hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Kuma in kantar kicin ɗinki ta dutsen marmara ce kada khal ya taɓa ta, yadda yake cin ɓawon buta haka zai ci ta, mai gidan haya ya cire a kuɗin ajiyarku. Mu 'yan haya abin da ya fi mana shi ne ƙaramar matatar da ake ɗaurawa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, mai tura ruwa ta wata fata mai matsatsun ƙofofi. Ita tana cire kusan komai, da ita nake shayi da girki. Wanda ake ɗaurawa a kan shawa kuwa na saya sau biyu, warin kulorin kawai ya rage, farin yana nan.

Agali_Agadas: Hajiya Kaka, in kanwar ta ƙare a faɗa mini. Daga Kawar ake kawo mana ita tare da gishirin Bilma, ba ta da yashi kamar ta kasuwa. Kai ta Amurka ne dai ban san hanya ba, raƙumi ba ya ƙetare teku.

Dakta_Hadiza: A dai riƙa sassautawa a abinci, kanwa ma sodiyam ce. Ƙwayar geron da Hajiya ta ce, ba dunƙule ba.

Ɗan_Fagge: Har yanzu dai ba a ba mu suna ba. In ba zartsi ba ne, mene ne? Ruwa mai nauyi? Ai duk ruwa nauyi gare shi, ku tambayi ɗan garuwa.

Malam_Bello_Sakkwato: Na ba ka na tsohuwata, ka ƙi karɓa.

Maman_Hanif: Na dawo da rahoto. Khal ya ƙare a gidan, sai na bi ta Hajiya Kaka na jiƙa tsamiyar kunu na tafasa a butar. Ɓawon ya fita falle-falle kamar ɓawon ƙwai, sai ɗan kaɗan a gindi da zan sake yi wa. Waken yau da 'yar kanwa bai kai awa ɗaya ba. Yaro an ba mu ranar Talata wurin likita. Na'urar gishiri mai gidan haya ya ce a'a, don haka wannan ta wuce. Yanzu fararen kayan maigida ne suka rage, duk sun yi toka-toka sun yi tauri kamar an sa musu sitaci. Anti UmmuSalma, ruwan kanwar a cikin injin wanki zan zuba kai tsaye, ko zai ɓata shi?

UmmuSalma_Phoenix: Kanwa ban taɓa gwada ta a inji ba, tsoron yashi nake. Sodar wanki nake sawa rabin kofi tare da omo. Injiniya, kai fa?

Gaskiya_Ɗaci: Ni dai har yanzu ruwan gora.